Bikin Manaja da Bokitin Kumfa

Ranar Litinin

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da tukwanenki da masu aikin hanyar nan da ba sa ƙoshi. Mu nan lafiya ƙalau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, don jiya ta bi ni da tsintsiya tun daga bakin famfo har ƙofar gida, kin ga magani ya yi aiki. 'Yarki ma lafiya. Har yanzu ita ke mulkin gidan, shi ya sa sunan Manaja da na laƙa mata ya ƙi fita. Haƙorinta na gaba ya faɗi ranar Talata, yanzu idan za ta ba ni umarni iska ce ke fara fitowa.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Asabar ta uku daga yau za ta cika shekara shida. Makon jiya an yi wa wata 'yar ajinsu bikin ranar haihuwa, ta dawo da hular takarda, kwana uku da ita take barci. Ba ta roƙi komai ba, kin san halinta. Ina wanke takalmin aikina ta zo ta tsuguna ta ce, "Kawu, wanda mamarsa ba ta gida, shi ma ana yi masa?" Na ce ai nasa ya fi na kowa girma. Bakina ne ya riga ni, amma tunda ya fita, ya fita ke nan.

Gwaggo ta zo shekaranjiya, Inna ta ba ta labari. Ta dubi tsakar gidanmu daga wannan bango zuwa wancan ta ce, "Biki na masu falo ne. Ku da ake shanya wanki a kan kanku?" Na ce mata za a yi, kuma za ta ci kek har ta nemi na ƙunsawa a gefen zani. Ta ce in na yi a canja mata suna. Na riga na zaɓar mata sabon sunan, ina ajiye da shi.

Kafin ki fara murza goshi, ba kuɗi nake nema ba. Oga na wurin wankin mota ya yarda ya ara min kujerun roba goma sha biyu da benci biyu, ni kuma in riƙa wanke motar matarsa wata guda. Mai shago yana da balan-balan da rana ta cinye wa launi, ba mai saye, ya ce in kwashe. Kek kuwa Inna za ta gasa a babbar tukunya a kan yashi. Kyandir ɗaya dogo zan saya in yanka shi gida shida. Huluna daga tsohuwar kalandar Oga, don haka wani yaron zai sa watan Maris, wani hoton taya. Kiɗa daga rediyon motar duk wanda ya kawo wanki ranar ya yi jinkirin ɗauka.

Tunda wurin naku waya ba ta kamawa, zan ba Direba wannan idan ya zo lodin kayan abincinku. Ki ba shi amsa ya dawo da ita.

Ƙaninki,
Auta

Ranar Laraba

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ina lafiya, sai ciwon baya, don mutum tamanin nake dafa wa sau uku a rana. Ka gaida Inna, ka ce ta daina gudu, ta aiki wani ya dake ka.

Sau uku na karanta wasiƙarka ina neman inda tarkon yake. Kada ka ga laifina. Kai ne ka aiko min da gwangwanin madara, ka rubuta "zuma" a jiki, na buɗe a gaban shugaban aiki, kwaɗo ya yi tsalle ya faɗa tukunyar shayi. Ka huda murfin don ya sha iska a hanya, wannan kaɗai ne imanin da ka nuna. Har yau idan Direba ya miƙo min saƙo daga gida, sai mutane su ja da baya.

Tambayar da ka ce yarinyar ta yi maka, idan ƙirƙirarta ka yi don ka sa ni kuka, to ka yi nasara, kuma ban yafe ba. Idan kuma gaske ne, ka yi mata bikin. Ni ba zan samu zuwa ba. Ba a ba da hutu sai an gama gadar da ake ginawa, na tambaya har sau biyu. Na ba Direba fulawa da sukari da ƙwai tire ɗaya, ka ƙirga ƙwan a gabansa.

Ga sharuɗɗana. Ba barkono a cikin alewa. Ba kujerar da aka cire wa ƙafa. Ba abin da zai yi tsalle. Yara goma sun isa. Kuma ka tabbata 'yar Tela ta zo, don tun suna rarrafe suke tare, in ba ita to ba biki a wurin Manaja. Na san akwai abin da ke tsakaninka da ubanta. Ka san yadda za ka yi.

Yayarka

Ranar Litinin

Yaya,

Gaisuwa da fatan bayanki ya saki. Mu lafiya. Ƙwai ya iso, biyu sun fashe, Direba ya ce ramin hanya ne, kodayake na ga gwaiduwa a gemunsa.

An samu 'yar matsala. Ƙarama ce, kada ki tayar da hankali.

Na yanka kwalin sabulu na yi katin gayyata goma sha biyu. Ni na rubuta, Manaja ta zana fure a kowanne, wasu furannin sun fi kama da kaza. Ranar Juma'a da na tashi aiki na bi layinmu gida-gida.

Na fara da Mai aski. Ya karɓi katin, ya juya shi, ya ce, "Ƙarfe nawa?"

Na ce, "Huɗu."

Ya ce, "Na Tela ma huɗu ka ce."

Duk waɗanda ke zaune a benci suka fashe da dariya. Na ce wallahi wannan na gaske ne. Ya ce, "Wancan ma ai ka yi wallahi." Ban yi ba, Yaya, "da gaske" kawai na ce, amma wa zai tsaya min shaida?

Matar mai burodi ta ɗaga katin ta haska shi da rana kamar jabun kuɗi. Malamar su Manaja ta ce ta gode, irin godiyar da ake yi wa mutum a lallaɓa shi ya bar ƙofar gida. Mai faci bai ma goge hannunsa ya karɓa ba, cewa ya yi, "Sau ɗaya ake yi min, yaro. Na sa hula sabuwa ranar nan."

Ke kin tafi kafin a yi abin, rabin labari kika ji, bari in ba ki cikakke don ki yi adalci. Bara ne. Na zaga layi na ce Tela ya samu kwangilar ɗinkin kayan makaranta, yana walima ƙarfe huɗu a shagonsa, kowa ya zo da farantinsa da 'ya'yansa. Mutum kusan arba'in suka yi wanka suka sa turare. Suka tarar da shi a singileti, yana barci a kan teburin yanka, tef a wuya, baki a buɗe. Da ya farka ya ga jama'a da faranti, sai ya ɗauka mutuwa aka yi. Kunya ta hana shi korar mutane, ya aika wurin Mai shago aka kawo lemo aka raba. Ni ina bayan tankin ruwa, dariya ta kusa kashe ni. Har yau idan na tuna ina tsakiyar wanke mota, tiyo kuɓuce min yake yi. Ki faɗi gaskiya, ke ma kin yi murmushi yanzu.

To wurinsa na je ƙarshe. Yana kan keken ɗinki, bai ɗaga kai ba. Na yi sallama ya amsa wa zare. Na miƙa katin ya ce, "Ajiye can kusa da na bara." Na ce yarinya ce ta zana furen. Ƙafarsa ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba. 'Yarsa tana leƙe ta bayan labule, ya ce mata ta koma ciki.

Cikin gida goma sha biyu, ba wanda ya ce zai zo. Ba ƙiyayya ba ce, kawai ba wanda ya yarda akwai bikin.

Ita kuwa Manaja ta tara marafan kwalba goma sha biyu, kullum da yamma sai ta jera su a tabarma, kowanne da sunan yaro. Ja ɗin shi ne 'yar Tela, shi take sawa kusa da ita, shi za a fara ba wa kek. Jiya ta ce, "Kawu, su wa suka ce za su zo?" Na ce duka. Na yi ƙarya iri-iri a duniyar nan, wannan ce ta farko da ban ji daɗinta ba.

Gwaggo ta ji labari, ta aiko jikanta takanas ya tambaye ni ko in ara mata kujerun tunda ba za a zauna a kansu ba. Na ce ya gaya mata ta fara saba wa kunnenta da sabon suna. Ba zan fasa ba.

Ƙaninki,
Auta

Ranar Laraba

Auta,

Muna lafiya, ina fatan ku ma haka.

Direba ya ce ya same ka kana rawa da tiyo kana waƙa, babu alamar mai damuwa a tare da kai. Shi ya sa ban san ko in yarda da wasiƙar nan ba, ko kuma shimfiɗa kake yi min don wani abu da zai biyo baya. Ka ga inda ka kai mu? 'Yar'uwarka ta jini tana karanta labarin 'yarta tana neman kwaɗo a ciki.

Idan gaskiya ne, hanya ɗaya ce. Ka je shagon Tela da rana tsaka, lokacin da mutane ke wucewa, ka ba shi haƙuri da bakinka. A gaban mutane ka kunyata shi, a gabansu za ka gyara. Ban yi murmushi ba. Mutumin nan shi ya ɗinka wa Manaja kayan makaranta lokacin da ba ni da aiki, bai taɓa tambayata komai ba.

In kuma wuyanka ba zai lanƙwasu ba, ka zaunar da yarinyar yau ka gaya mata gaskiya, a yi mata kek a ɗaki ita da Inna. Kukan yau ya fi min sauƙi a kan ta sa kaya ta zauna tana kallon kujeru babu kowa.

Yayarka

Ranar Alhamis

Yaya,

Na gaishe ki, amma a taƙaice, don raina a ɓace yake. Kowa lafiya.

Don ina waƙa shi ne ba ni da damuwa? So kike in riƙa wanke mota ina hawaye, masu mota su ce ina ɓata musu gilashi?

Zaɓinki biyu duk na ƙi. Ba zan gaya wa Manaja komai ba, na riga na ce mata nata ya fi na kowa. Kuma ba zan je in durƙusa wa Tela ba. Me na yi? Na kashe wani? Layin nan shekara nawa ba a taru an sha lemo tare ba, sai da na haɗa su. Har aure ya fito daga taron nan, ƙanin Mai faci a nan ya ga 'yar mai burodi. Godiya ya kamata a yi min.

Na samo hanya ta uku, tawa. Na lura mutanen nan ba biki ne ba sa so ba, ni suke jin haushi. To zan sayar musu da abin da suke so. Na samu babban kwali na rubuta da gawayi, na kafa a bakin famfo inda kowa ke ɗiban ruwa:

"Duk wanda Auta ya taɓa yi wa, ya zo Asabar ƙarfe huɗu. Zai zauna a kujera da farar rigarsa mai kyau. Akwai bokitin kumfa da soso. Kowa jifa uku. Kuɗin shiga: ka zo da yaro."

Kin gani? Masu falo haya suke yi a kawo mai sa yara dariya. Mu namu a gida yake, kyauta. Soso da sabulu kuwa ba sa ƙarewa a wurin aikinmu, Oga ma ya ce zai zo, wai shi ma yana da jifa ukunsa tun ranar da na sa masa gishiri a shayi.

Mutane sun tsaya sun karanta. Mai aski ya ce, "Mu zo mu tarar bokiti ba ruwa, kai kuma kana kan bishiya." Na ce ya zo da igiya ya ɗaure ni. Ya ce zai duba. Daga bakinsa "zan duba" babban ci gaba ne.

Tela ya zo ɗiban ruwa da yamma. Ya karanta tun daga sama har ƙasa, ya cika jarkarsa, ya ce da famfo, ba da ni ba, "Soso ai ba ya zafi." Ya tafi.

Kada ki ce wannan ban haƙuri ne ta bayan gida. Ciniki ne.

Mun gwada kek ƙarami jiya. Ƙasansa ya ƙone, samansa ɗanye. Inna ta ce yashin ne ya yi kaɗan, ni na ce mai gashin ce, shi ya sa nake rubuto miki a tsaye. Na biyu ya yi kyau.

Ki rubuto ki ce dabarar ta yi.

Auta

Ranar Alhamis, saura kwana biyu

Yaya,

Lafiya dai ko? Mu muna nan.

Direba ya dawo sau biyu hannu rabbana. Na ce ya duba aljihu, ya duba ƙarƙashin kujera, ya ce ba ki ba shi komai nawa ba. Na san lafiyarki ƙalau don ya ce ya ci shinkafarki har faranti biyu. Ke nan fushi kike, ko kuma har yanzu kina ganin wasa nake.

Shi kansa Direban ya canja. Ranar Talata na ga motarsa a ƙofar shagon Tela, na tambaye shi, wai wandonsa ne ya yage. Mutumin da wandonsa ya shekara uku a yage bai damu ba. Har shi ya koma ɓangarensu.

Layin ma ya yi wani iri. Da ana yi min dariya, yanzu in na doso sai a yi shiru. Wani ya cire kwalina daga bakin famfo. Matar mai burodi ta gan ni ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Inna kuwa, in na yi maganar bikin sai ta ce in miƙo mata gishiri.

Shi ke nan. Na kwaso kujeru, na hura balan-balan har kunnena ya toshe. Manaja ta wanke marafanta da sabulu. In mutum ɗaya ne ya zo, za a yi. In ba wanda ya zo, ni zan zauna a kujeru goma sha biyun ɗaya bayan ɗaya in yi mata muryar kowane yaro. Ba sai kin amsa ba.

Auta

Ranar Litinin

Yaya,

Ina gaishe ki don Inna ta ce dole. Kowa lafiya, ban da ni da mura ta kama, kuma kin san dalili. Na san komai. Direba ya tona da bakinsa yana cin kek. Amma tunda ke kika shirya ba ki gani ba, bari in ba ki labarin aikinki.

Ranar Asabar tun azahar na share tsakar gida, na kwashe igiyar shanya, na ɗaura balan-balan a wurinta. Kek ya fito fes, muka kife shi da roba saboda ƙuda. Ƙarfe uku Inna ta ce za ta kai Manaja a gyara mata kai, yanzu za su dawo. Na haɗa kumfa har ta tumbatsa, na jera soso shida, na sa farar rigata, na zauna a tsakiya kamar mai jiran hoto.

Huɗu ta yi. Ba kowa.

Huɗu da minti goma sai ga Gwaggo ita kaɗai, ba yaro. Ta zaɓi kujera a inuwa, ta zauna tana fifita da hular watan Maris. Ta ce, "Ina jama'ar?" Na ce suna hanya. Ta ce, "To."

Layin nan da yara ke hawa katanga ko kaza aka yanka, ranar ko tari ba ka ji. Balan-balan ɗaya ta fashe da kanta. Kumfa ta fara kwanciya, na sa hannu na kaɗa ta, ta sake kwanciya. Gwaggo ta ce, "Sunan nawa fa? Ko sai an taru?" Ƙofa nake kallo, Yaya, kuma ba baƙi nake jira ba. Tsoro nake kada Inna ta shigo da yarinyar ta ga kujerun. Na yi ta neman abin da zan ce mata, ni da ƙarya ba ta taɓa yi min wuya ba, na rasa ko ɗaya.

Huɗu da rabi na tashi. Ba wani abu ba, ƙafata ce ta yi sanyi. Na bi layi, duk ƙofofi a rufe, har na tsinci kaina a gaban shagon Tela. Shi ma a rufe. Na ƙwanƙwasa, shiru. Amma na ji motsi a ciki. Na matsa bakina jikin katako na ce, "Tela, na san kana ciki. Ni na yi maka, ba ita ba. Abin da na yi bai kyautu ba, yau na sani. Ka yi haƙuri. Ka ara min 'yarka awa ɗaya, ko kai ba ka zo ba. Ja ɗin murfi nata ne."

Sai ƙofa ta buɗe.

Tela ne a tsaye, da singileti, tef a wuya, faranti a hannu. Ya yi hamma ya ce, "Ƙarfe nawa ka ce?"

Bayansa yara ne cike da shagon, har a kan teburin yanka, kowa ya toshe bakinsa da hannu. Ƙofar baya a buɗe, ga Mai aski, ga Mai faci da sabuwar hularsa, ga Malama, ga Oga, ga Inna, kowa da faranti. Dariyar da suka yi, na tabbata kun ji ta a gada. Mai aski ya zauna a ƙasa yana dukan cinya yana cewa, "Sake faɗa, Auta, na bayan ba su ji ba."

A tsakiya ga Manaja, riƙe da hannun 'yar Tela, da riguna iri ɗaya. Da guntayen yadin da suka rage ya haɗa musu, kowane hannu da launinsa. Ita ba ta san komai ba, ta ɗauka gwajin riga ne ya ja lokaci. Ta dube ni ta ce, "Kawu, ka makara." A bikin da ni na haɗa.

Ina so ki rubuta ki ajiye: ba Tela na ba wa haƙuri ba. Da ƙofa nake magana.

Muka ɗunguma gida. Kujeru ba su isa ba, yara suka zauna bibbiyu. Na ɗauka tunda an rama an yafe maganar soso, ashe a'a. Layi aka yi. Mai faci ya iya saiti. Oga ya yi ukunsa ya ce wankin motar matarsa daban, yana nan. Inna ba ta bi layi ba, wai ita ta haife ni. Gwaggo, wadda ashe gadina aka sa ta, ta yi jifa biyar, ta ci kek yanka biyu, ta ƙunsa na uku a gefen zani a kan idona. Na sanar da sabon sunanta a gaban kowa: Gwaggo Ƙari. Yara sun riga sun ɗauka.

Da aka zo kan Tela, ya ɗauki soso, ya tsoma, ya matse shi a hankali, ya dube ni, ya sa shi a aljihu. Ya ce, "Nawa zan ajiye. Ba ka san ranar ba." Tun ranar ban bi ta ƙofar shagonsa ba, zagaye nake yi ta bayan famfo. Motsa jiki ne.

Kyandir shida, ta hure su sai a karo na uku, don iskar ta wurin haƙorin take zurarewa. Yankan farko ta ba 'yar Tela. Na biyu ta riƙe, ta gatsi gefe, ta ce wannan na mamarta ne, ta ɗanɗana ne ta ji ko zai yi miki daɗi. Da za ta kwanta ta ce, "Kawu, da gaske ka faɗa, nawa ya fi girma."

Yankan naki yana cikin gwangwanin madarar da Direba zai ba ki. Na rubuta "kek" a jiki. Ki duba murfin, ban huda ba.

Abin da kika yi min kuwa, ina ajiye da shi. Ki tambayi Tela yadda ake ajiya.

Ƙaninki,
Auta

Ranar Laraba

Auta,

Na amsa gaisuwar dole. Ina lafiya. Ka sha ruwan zafi da lemon tsami, ka gaida Inna da Manaja da Gwaggo Ƙari.

E, ni ce. Da na karanta maganar kwalin da ka kafa a famfo, na san da gaske kake, don ba ka taɓa sa farar rigarka a cikin wasa ba. Sai na rubuta wa Tela. Ban ce ya yafe maka ba, cewa na yi ya rama yadda yake so, amma kada yarinyar ta ga kujera ko ɗaya babu kowa. Shi awa guda ya so ka zauna. Ni na yi ciniki aka dawo minti arba'in da biyar, ka gode min. Zuwa ƙofarsa kuwa ba ya cikin shirin. Jira suke biyar saura kwata su fito. Wannan ƙafarka ce ta kai ka, kuma ka gaida min ƙofar.

Gwangwani ya iso jiya lokacin abincin rana. Direba ya ajiye shi a teburin rabo, mutane suka ja da baya da farantansu. Shugaban aiki da kansa ya rufe tukunyar shayi ya danne murfin da hannu. Na duba, ba huda. Wani ya ce ai wataƙila wannan karon matacce ne. Na tsaya daga nesa na ɓalle murfin da bakin ludayi.

Ba abin da ya yi tsalle.

Kek ne, ya ɗan farfashe a hanya. A gefe ɗaya ga shatin haƙora, da ɗan tudu a tsakiya inda haƙorin babu. Na ɗauka na shiga ɗakin ajiya na rufe ƙofa, miya ta kusa ƙonewa.

Na cinye duka sai gefen da ta gatsa. Shi na mayar cikin gwangwanin na rufe. Ka gaya mata ya yi min daɗi.

Kai kuma, wasiƙarka ta gaba sau ɗaya zan karanta ta.

Yayarka